Mutum Ɗari Biyu da Ba Su Iya Komai Ba

Takarda ɗari biyu da goma sha huɗu Tabita ta jera a kan teburin biro, wato ofishinsu, ranar Asabar ɗin nan, kuma duk wadda ta ɗaga, amsa ɗaya take gani a layi na tara. Tambayar ita ce, "Wane aiki ka iya sosai?" Amsar kuwa, daga Zango har Tirmini, daga Dogo har Dakusa, kamar an haɗa baki: "Ba komai."

Damina biyu ke nan ruwa bai yi ba a ƙasar Damagaram. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, Najeriya kuma ta rufe iyakarta, sai ta ɓarauniyar hanya fatake ke shigowa. Ita kuwa gyaɗa, wadda a da ake jibge buhunanta ana kai su bakin teku a loda wa jirgin Turai, tun kafin wannan fari ta riga ta mutu. Masu saye sun sami mai wanda ya fi araha a wasu ƙasashe, ƙasar noma ma ta gaji. Kamfanin gyaɗa ya kulle mangazarsa, babban ɗakin ajiyar buhuna, ya sallami masu awo, masu tantancewa, masu ɗinkin buhu da masu lodi, kowa ya koma gida yana kallon sama.

Wannan ne ya sa aka buɗe ɗan biron bincike, ɗaki uku a bayan gidan waya, don ya amsa tambayar da aka aiko daga Yamai: ranar da aka buɗe iyaka, me Damagaram za ta sayar wa waje, kuma da hannun wa? Rabin amsar ko makaho ya gan ta. Wake ne, don shi ba ya son ruwa da yawa, kuma daga Kano har Ikko ba a ƙoshi da shi. Masu ba da agaji sun yarda su buɗe tsohuwar mangaza ta zama wurin tantance wake, muddin akwai ƙwararrun hannu a ƙasa. In babu, furojen, wato aikin agajin, ya tafi wata jiha, su kuma tsofaffin ma'aikatan gyaɗa a rubuta su cikin masu fasa dutsen hanya, a riƙa biyansu da jar dawar agaji.

Shugaban biron, Musye Ari, haifaffen Garin Malam ne. Shekara bakwai ya yi a Faransa yana karatun tattalin arziki, ya dawo da tabarau da kuma imani mai ƙarfi ga duk abin da aka rubuta cikin layi. Ba mugu ba ne. Takardu sun ce ba komai, shi ma ya rubuta a babin ƙarshe cewa ma'aikatan Damagaram ba su da ƙwarewar da za a ɗauka daga gyaɗa a kai wani cinikin. Rahoton zai bi motar Jumma'a mai zuwa.

Tabita ta zaro takarda mai lamba sittin da uku ta daɗe tana kallo. Amos, shekara hamsin da huɗu, shekara ashirin da uku yana tantance gyaɗa. Mahaifinta ne. Da wannan aikin ya kai ta lakwal, ya kai ta jami'a, har ta dawo da diflom ɗin da yau take amfani da shi ta rubuta cewa bai iya komai ba. Ta hango shi tsugune a bakin hanyar Magarya da guduma, ga bayan da ke damunsa tun bara. Ta rufe dosiyen takardun ta tafi gida.

Ranar Lahadi bayan an taso daga majami'a, Baba Bitrus ya biyo su gida kamar yadda ya saba. Tare suka yi aikin mangaza da Amos, tare aka sallame su. Suna zaune a gindin dogon yaron tsakar gida sai Ladi, uwar Tabita, ta fito tana mita da buhun dawa wanda ɓera ya huda. Bitrus bai ko daina labarin da yake bayarwa ba. Ya laluba cikin hularsa ya zaro basilla, ya ja zare daga bakin buhun, kafin Ladi ta gama zagin ɓeran ya miƙa mata abinta a ɗinke.

Da ya tafi, Amos ya juya buhun yana shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Bitrus ke nan," in ji shi. "Daga nan har Matamai babu mai hannunsa. Buhun da ya ɗinke sai ya hau raƙumi, ya hau kamyo, ya hau jirgin ƙasa a Kano, ya sauka ƙasar Turawa ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Bature ya taɓa aiko da takarda yana tambayar wa ke ɗinkin."

Tabita ta ajiye kwanon da take wankewa. "Baba, ai ni na yi masa tambayoyi da kaina. Ya ce mini bai iya komai ba."

Amos ya dube ta kamar wadda ta yi magana da abinci a baki. "To me kike so ya ce? Maroƙi ne shi? Ya buɗe baki a gaban 'yar abokinsa ya ce ni gwani ne?"

"Kai ma haka ka ce, Baba."

"Ke, je ki ƙarasa wanke-wankenki."

"Ke" yake ce mata, ko "yarinyar nan". Ita ce 'yar fari, tun da aka haife ta bakinsa bai taɓa kama sunanta ba, balle yabo. Ta koma kan kwanoninta, amma hannunta ne kawai ke wankin. Wata huɗu ta yi tana yawo cikin rana tana tambayar mutanen Damagaram su yabi kansu da bakinsu, ita da aka haifa a Zango, wadda ta san ko sabon zane aka yaba wa mace a garin nan sai ta ce tsumma ne. An kawo takardar tambaya daga waje, ta fassara ta kalma bayan kalma, ta manta da waɗanda za a yi wa tambayar. Kunya ta kama ta, daga bayanta kuma wani daɗi ya biyo, don ta ga inda ƙofar take.

Litinin da safe ta tsaya a gaban teburin Musye Ari ta bayyana masa da Faransanci tsaf. A sake anketin, wato zagayen tambayoyin, ta ce, amma kada a tambayi kowa game da kansa. A tambaye shi game da abokan aikinsa.

Bai ɗago daga takardun da yake sa wa hannu ba. "Madamazel, wannan ba bincike ba ne, hirar bakin rijiya ce. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu sun amsa. Ba ni na amsa musu ba."

Sai ta sauke Faransancin. Ta rage murya, ta yi masa Hausa irin wadda ake yi wa babba a zaurensa. "Shef, ranka ya daɗe, kai fa a cikin aikin nan namu, wanne ka iya sosai?"

"A'a, mu me muka iya," ya ce, yana juya shafi. "Muna dai taɓawa."

Alƙalamin ya tsaya. A bangon da ke bayansa, cikin gilashi, diflom ɗinsa na dokta yana rataye da jan hatimi kamar faifai. Wasila, abokiyar aikin Tabita da ke buga tafireta a kusurwa, ta cusa fuska cikin gyale kafaɗunta na rawa don dariya.

"In rubuta 'ba komai', Shef?" in ji Tabita.

Musye Ari ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Daga baya ya ɗaga yatsu uku. Mota da mai na kwana uku. Ba za a karɓi sunan kowa ba sai mutum uku da ba danginsa ba sun ambace shi da aiki iri ɗaya. Na ƙarshe, shi da kansa zai zaɓi suna ɗaya ya gwada mai shi da na'urar awon laimar hatsi da aka turo daga Yamai. In mutumin ya faɗi, babin ƙarshe yana nan yadda yake.

Abin da ya faru cikin kwana ukun nan sai wanda ya gani. A Dogo akwai wani dattijo, Malam Usman, wanda a zagayen farko minti biyu ya sallame su. Da Tabita ta ce, "Baba, a cikin waɗanda kuka yi mangaza tare, wa ya iya aikinsa?" sai ya sa aka shimfiɗa musu tabarma. Tun hantsi yake magana, sai kiran azahar ya cece su. Wane yana jera buhu dubu yadda iska za ta ratsa tsakani, ko na ƙasa ba ya gumi. Wane in ya dubi sikeli daga nesa ya san an taɓa shi. Wane yana ajiye iri cikin toka da yashi shekara biyu ƙwaro bai kusance shi ba. A Dakusa mata suka taru a kan Wasila, kowace na nuna wata, daga ƙarshe duka suka nuna Shatu, wadda ke sheƙe wake ba ta fasa ƙwaya. Shatun ta rufe fuska ta shige ɗaki. A Tirmini har gardama ta kaure, ba a kan wa ya fi ba, a kan wa aka manta ba a ambata ba. Mutanen da yunwa ta sa suka daina dogon zance sai ga su suna tsere wajen faɗin alherin juna, har alƙalamin Tabita ya ƙare ta ari na direba.

Suka bi fataken Kano da ke sauka a Kasuwar Dole, su ma aka tambaye su hannun wa suke yarda da shi in dukiyarsu ce a buhu. Wani Alhaji Auwalu, mai sayen wake, ya ƙirga musu mutum tara ba tare da ya numfasa ba.

Laraba da yamma suka tattara. Cikin mutum ɗari biyu da goma sha huɗu da ba su iya komai ba, ɗari da saba'in da ɗaya sun sami shaidu uku ko fiye. Musye Ari ya bi jerin da yatsa, ya tsaya a kan wanda ya fi kowa, mutum hamsin da takwas suka ambace shi.

"Lamba sittin da uku. Gobe da hantsi."

Tabita ta dubi lambar, ta mahaifinta ce. Ba ta shakkar hannun mahaifinta, halinsa take shakka. In aka ce masa gwaji ne, a gaban jama'a, a gaban 'yarsa, zai gyara hularsa ya ce yana da uzuri, furojen kuma ya bi motar Jumma'a ya bar su. Ta koma kasuwa ta gaya wa Alhaji Auwalu damuwarta.

Alhajin ya yi dariya har da buga cinya. "'Yata, ke kika ce gwaji. Ni shekara bakwai ina aika masa in ce, Malam Amos, don Allah zo ka duba mini. Bai taɓa ƙi ba, ni kuma ban taɓa ce masa gwani ba. Bar mini shi."

Alhamis da hantsi buhu shida suna jere a rumfar Alhaji Auwalu. Musye Ari ya ɗora na'urarsa a kan akwati, ya sa aka ɗibar masa kofi ɗaya daga bakin kowane buhu. Can sai ga Amos cikin wankakkiyar rigarsa mai faci a kafaɗa. Ya ga 'yarsa, ya ga mai tabarau, ya ga na'ura, ya gane sarai. Tabita ta ga ƙafarsa ta ɗan ja baya.

"Malam Amos, sannu da zuwa," in ji Alhajin, kamar ba kowa a wurin. "An kawo mini waɗannan jiya, hankalina bai kwanta ba. Taimake ni."

Wanda aka roƙa taimako ba ya juya baya. Amos ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya cusa hannu cikin buhun farko har hammata, ya tsaya shiru kamar mai sauraron wani abu. Ya zaro da ƙwayoyi a tafinsa, ya girgiza su kusa da kunne, ya ɗauki ɗaya ya gatsa.

"Na bara ne. Cikin toka aka ajiye shi. Lafiyarsa lau."

Na'ura ta ɗauki kusan minti goma kafin ta yarda da shi. Kafin nan ya riga ya wuce na biyu.

"Wannan na fadama ne, an yi gaggawar ɗaure shi bai gama bushewa ba. In ya yi kwana ashirin a kamyo zai yi fumfuna. A shanya shi kwana biyu."

Allurar na'ura ta haura inda ya ce. Na uku da na huɗu ma haka. Masu dako da 'yan kallo sun fara taruwa, mai shayi ya bar tukunyarsa. A buhu na biyar na'ura ta riga shi, don Musye Ari ya hanzarta, ta ce waken busasshe ne mai kyau. Amos kuwa ya daɗe da hannunsa a ciki. Ya zaro, ya sake mayarwa ta ɗaya gefen.

"Wataƙila ni ne ban gane ba," ya ce a hankali. "Amma ƙasan nan da ɗumi."

"Na'ura ta ce lafiya, Baba," in ji Musye Ari.

"To, ita ta sani. Ni dai da nawa ne, da na zazzage."

Alhaji Auwalu ya yi wa masu dako alama, suka shimfiɗa tabarma suka kifa buhun. Na sama ya zubo fari tas, ƙwaya-ƙwaya, har wani daga baya ya ce tsohon ya yi kuskure. Sai na ƙasan ya biyo, baƙi-baƙi, duk huji, ƙwari na watsuwa a kan tabarma ta kowane gefe. An zuba mai kyau a sama an rufe ruɓaɓɓe a ƙasa, na'ura kuma abin da aka ɗibar mata daga baki kawai ta sani.

Rumfar ta ɗauki sowa. Alhajin yana ta salati yana neman wanda ya kawo masa buhun. Musye Ari ya tsuguna, wandonsa na Turai a cikin ƙasa, ya cusa nasa hannun cikin abin da ya rage, ya ji ɗumin da kansa. Da ya miƙe, da hannu biyu ya gaida Amos.

"Baba, ina ka koyi wannan?"

"Ai ba wani abu ba ne," in ji Amos, yana sauke hannun riga. "Ƙwaro in ya taru yana da zafin jiki, kowa ya sani. Da Malam Usman na Dogo ne ma, tun daga bakin rumfa zai ji warinsa."

Musye Ari ya dubi Tabita, ya fashe da dariyar da ba a taɓa jin ya yi a biro ba. Ranar ya yaga babin ƙarshe da hannunsa, ya zauna yana faɗa Wasila na bugawa har kusan magariba. A sabon babin ya rubuta cewa abin da kasuwar waje ta daina saye gyaɗa ce, ba hannun da ya san hatsi ba, kuma hannun yana nan, ga sunaye ɗari da saba'in da ɗaya. A shafin farko, ƙarƙashin sunansa, ya sa na Tabita.

Amsa ta zo bayan wata uku, lokacin da damina ta ɗan yi kirki wake ya fara fure. Furojen ya tsaya a Damagaram. Ranar da aka fasa kwaɗon mangaza, don makullin ya daɗe da ɓata, tsofaffin ma'aikata suka shigo daga ƙauyuka da rigunan sallarsu, wasu a kan jaki, wasu a ƙasa. Baba Bitrus ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana kallon rufin kwano, hawaye na bin kumatunsa, ya ce ƙurar wurin ce. An ba Amos matasa ashirin ya koya musu tantancewa, ya ce to, zai dai nuna musu ɗan abin da ya gani ana yi. Tabita ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu suna shiga ɗaya bayan ɗaya, ta san lambar takardar kowannensu, daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

Washegari tana ɗaure takardun zagaye na biyu don a ajiye, sai ta ci karo da lamba sittin da uku. Ba ita ta cika ta ba, Wasila ce, tunda ba a yarda mutum ya yi wa danginsa tambaya ba. Mutum goma sha ɗaya mahaifinta ya ambata, kowa da aikinsa, Bitrus a farko. A ƙasa akwai layi na goma sha biyu, da ƙaramin rubutun Wasila:

"Da yarinyar nan ta gidana. Ta iya tambaya." A gefe kuma: "Ya ce kada a gaya mata."

Ƙarƙashin wannan, da baƙin alƙalamin da ake sa wa rahoto hannu, an rubuta, "Shaida na biyu, Ari." Wasila ta cike na uku, babu wanda ya tuna da sharaɗin dangi.

Tabita ta zauna. Ta karanta layin sau uku, ta share idonta da bakin gyale, ta mayar da takardar cikin 'yan'uwanta ta ɗaure.

Da la'asar ta tarar da shi a gindin dogon yaro, hannunsa fari da garin wake har gwiwar hannu. Ta ɗebo ruwa a moɗa, ta durƙusa ta miƙa masa.

"An dawo?" ya ce, bai dube ta ba.

"An dawo, Baba."

"Yaya aikin naku?"

"Muna dai taɓawa," in ji Tabita.